Da Sauran Waɗanda Ban Samu Damar Ambata Ba

Duk ƙarshen shekarar karatu, kundayen binciken ɗalibai kan taru a teburin malamin jami'a har su kusa rufe masa fuska. Aikinmu shi ne duba babi na ɗaya zuwa na biyar, amma ni na daɗe da sabawa da fara karanta shafin da ba a ba shi maki, wato shafin godiya. Tsarinsa kusan ɗaya ne a ko'ina. Ɗalibi zai fara da gode wa Allah, ya yi salati ga Manzon tsira, daga nan sai malamin da ya duba aikin, sai shugaban sashe, sai shugaban tsangaya, sai jerin farfesoshi da daktoci, kowa bisa girman muƙaminsa. Idan akwai wani ɗan majalisa da ya taɓa biya masa kuɗin rajista sau ɗaya, to wannan zai sami sakin layi guda shi kaɗai, da cikakken laƙabinsa da sarautar da aka naɗa shi. Iyaye kan zo can wajen ƙarshe. Sannan a rufe da jimla ɗaya: “da sauran waɗanda ban samu damar ambata ba.”

A ganina, mafi yawan mutanen kirki na rayuwar ɗalibin a cikin wannan jimla aka cusa su. A nan matar kawunsa take, wadda ta ƙara hannu a tukunya shekara huɗu saboda shi, ba ta taɓa canza masa fuska ba. A nan direban motar garinsu yake, wanda ke sauke masa ƙullin garin tuwo da kuka a bakin ƙofar makaranta ba tare da ya karɓi ko sisi ba. A nan kuma abokin ɗakinsa yake, wanda kan ce ya ƙoshi don ya bar masa ragowar shinkafa, alhali bai ƙoshi ba.

Ba na ganin laifin ɗaliban, domin a wurinmu manya suka koya. Godiyarmu ta bainar jama'a muƙami take bi. A je taron ƙaddamar da littafi ko na ba da lambar yabo a ga waɗanda ake kira kan mumbari. Mun gaji al'adar roƙo, inda kyauta ke tafiya da ganga, maroƙi ya ɗaga kuɗin sama ya faɗi adadinsu da sunan mai bayarwa don kowa ya ji. Ba na raina wannan al'ada, tana da nata amfanin wajen zaburar da masu hali su saki hannu. Illarta ita ce ta saba wa kunnenmu da alherin da ke da amo, har ya zama ba ma jin wanda aka yi shiru.

A 1974 aka buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a Zariya, a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Siffofi goma ya tattaro: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk lokacin da na karanta wa ɗalibai jerin nan, nakan ce su duba abin da babu a ciki. Babu dukiya, babu sarauta, babu takardar shaidar ilimi. Sannan nakan ce su tsaya a kan kunya. Mai kunya ba ya iya yi maka alheri ya tsaya yana kallon idonka. Zai ajiye ne ya wuce, ko ya aiko yaro, ko ya ƙirƙiro wani dalili da zai sa abin ya zama kamar kai ne ka taimake shi.

Addini ma ya ƙarfafa masa wannan hali. Suratul Baƙara ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma cikin mutum bakwai da hadisi ya yi wa albishir da inuwar Al'arshi akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. A ɗaya gefen kuma, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane. Ke nan an umarci mai bayarwa ya ɓoye, an umarci mai karɓa ya gode. Idan aka haɗa umarnin biyu, nauyin bincike ya koma kan mai karɓa. Shi ne zai zauna ya bi diddigin rayuwarsa, ya tambayi kansa wa ya tsaya masa a wuri kaza, domin wanda ya tsaya ɗin ba zai taɓa zuwa ya tuna masa ba.

Malaman jami'o'in gwamnati ba za su manta da 2022 ba. Yajin aikin ASUU ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma albashi ya tsaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A unguwarmu akwai wani mai shagon kayan masarufi, saurayi ne da bai kai ni shekaru ba, karatunsa na boko bai wuce firamare ba. A wata na uku na yajin aikin, na je da daddare na tsaya daga gefe ina jiran mutane su ragu, don in yi masa maganar da ba na son kowa ya ji. Bai bari na buɗe baki ba. Ya ce, “Malam, ka je gida, yaro zai kawo saƙon.” Ban faɗi abin da nake so ba, amma yaron ya iso da shinkafa da man girki da sukari da sabulu, daidai abin da muka saba saye. Haka aka yi ta yi kowane mako har yajin aikin ya ƙare.

Yana da littafin bashi, kamar kowane mai shago, kuma na san yana rubutawa, domin shi ma a kan amana yake ɗauko kaya daga manyan 'yan kasuwa. Amma ko sau ɗaya bai taɓa buɗe littafin nan a gabana ba, kuma duk lokacin da na wuce ta ƙofar shagon, da irin gaisuwar da yake yi mini a da yake tarbata, ba ƙari ba ragi. Wanda bai taɓa cin bashi ba ba zai gane girman wannan ba. Mai bin ka bashi yana iya wulaƙanta ka da kallo kawai, ko da ƙarin fara'ar da ke cewa ina sane. Bashin shinkafar na biya shi daga baya har ƙwandala. Rufin asirin da ya yi mini a gaban iyalina da maƙwabtana kuwa, ban san da wane kuɗi ake biyansa ba.

A nan ya kamata a bambance irin wannan mutum da wani iri da ke kama da shi. Babu kalmar da ta fi yawo a siyasarmu kamar butulci. Ubangida ya ɗauki yaro ya ɗora a kujera, bayan shekara biyu a ji shi a rediyo yana lissafa abin da ya yi masa, yana cewa an ci amanarsa. Wani lokaci da gaskiyarsa. Amma sau da yawa abin da ya yi jari ne ya zuba yana jiran riba, da ribar ta ƙi zuwa sai ya kira shi alheri. Haka abin yake a wasu gidaje, inda mai kuɗin dangi ke biya wa yaro makaranta, sannan ya mallake bakinsa da na iyayensa har abada. Irin waɗannan ba sa rasa godiya, don suna karɓarta da ƙarfi. Waɗanda ke rasa ta su ne waɗanda ba su taɓa nema ba.

Sai ranar da suka mutu bakinmu ke buɗewa. A zauna zaman makoki kwana uku, kowa ya shigo ya ce, “Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne.” A cika Facebook da hotonsa da labaran da iyalansa ma ba su taɓa ji ba. Na halarci ta'aziyyar wani tsohon masinja da ya yi shekaru yana kai takardu ofis-ofis, na ga manyan mutane sun zo da manyan motoci, kowa da labarin yadda tsohon ya nemo masa fayil ɗin da ya ɓata, ko ya ba shi tabarma a ɗakinsa daren da ya zo neman gurbin karatu bai san kowa ba. 'Ya'yansa suna zaune suna sauraro da mamaki. Shaidar mutane ga mamaci abu ne mai kyau, addu'a kuma tana isa gare shi. Sai dai tsohon ya yi shekarun ritayarsa a gidan haya mai ɗaki biyu, kuma da rabin motocin nan sun san hanyar gidan yana da rai, da ya ga amfaninsu.

Na yarda cewa gode wa irin waɗannan mutane yana da wuya. Ka kai musu kuɗi, su ji kamar ka mai da abin ciniki. Ka yabe su a gaban jama'a, su rasa inda za su sa kansu. Amma kakanninmu sun san hanyoyin da ba sa kunyata kowa. Akwai ziyarar da ba ta da dalili, ka je ka zauna a kan tabarmarsa ka sha ruwan gidansa. Akwai riƙe ɗansa kamar yadda ya riƙe ka, ba tare da ka ce ramuwa kake yi ba. Akwai gaya wa 'ya'yansa da naka abin da ya yi, don labarin ya zauna a gidajen biyu. Akwai kuma mai da suna, wanda a wurin Bahaushe babu karramawar da ta fi shi.

Na bar ta ƙarshe da gangan, domin ita ce ta fi nauyi a wurina. A tatsuniyoyinmu kishiyar uwa ita ce muguwa, kuma littattafan soyayya da finafinan Hausa sun ɗora daga nan, har yaro kan tashi da tunanin cewa matar uba abokiyar gaba ce tun kafin ta yi masa komai. Ni a gidan mata biyu na tashi. Mahaifiyata ce amarya, uwargidan kuwa Inna muke kiranta. Ba zan ce zamansu babu saɓani ba. Akwai ranakun da ba a magana sai ta bakin yara, akwai rigimar kwano da ta ranar girki, irin ta kowane gida. Sunan mahaifin babanmu aka sa mini, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba, “Mai sunan Malam” take ce mini.

Shekarar da zan rubuta jarrabawar WAEC, gonar babanmu ba ta yi kyau ba. Ranar rufe rajista ta matso, aka fara karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a filin taron makaranta. Saura kwana biyu, babanmu ya kira ni zaure bayan sallar asuba, ya miƙo mini kuɗin a naɗe cikin takarda, ya ce in kama hanya. Bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba, don ɗa ba ya tambayar uba inda ya samo kuɗi.

Sai bayan na fara aiki, wata rana muna hira da mahaifiyata, ta ce, “Kai kuwa ka san inda kuɗin jarrabawarka suka fito?” Awakin Inna ne, guda biyu, ɗaya ma da ciki. Ita ta sa aka kai su kasuwa, ta kuma roƙi babanmu kada ya gaya wa kowa. Mahaifiyata ma a bakin wanda ya ja awakin ta ji, bayan shekaru. Wanda ya san ƙauye ya san mene ne akuya a wurin mace. Ita ce asusunta, ita ce kuɗin maganinta, ita ce kayan ɗakin 'yarta. A lokacin kuwa 'yar Inna ta fari an riga an sa mata rana. Na tuna an yi bikin da ƙarancin kwanuka, har wasu dangi suka yi ta tsegumi, Inna ba ta tanka ba. Ina cikin masu ɗaukar kayan zuwa gidan amarya, ban san abin da ya rage su ba.

Na sa sunanta a shafin godiya na kundin digirina na uku, amma kundin da Turanci yake, yana can kan kanta a ɗakin karatu, ita kuwa ko da Hausa aka rubuta sai an karanta mata. Da Allah Ya ba ni 'ya mace, sai na mai da sunanta. Bayan suna na shirya na tafi gida musamman, na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, na zo ne a kan maganar awakin nan.”

Ta ce, “Waɗanne awaki, Mai sunan Malam?”

Na faɗa mata. Ta yi shiru tana ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, “Au, waɗannan? Ai da ma sun ishi mutane da ɓarna a gona.” Sai ta tambaye ni ko takwarar tata tana samun nono sosai, ta ce a riƙa yi wa mai jego kunun kanwa. Da zan tafi ta aiki yaro ya sa mini daddawa da kuɓewa busasshiya a bayan mota.