Fawa fak ba gyara ba ne

Abin da ya tsaya mini a rai tun da na fara shirin haɗa kwamfutar gem a nan Kuala Lumpur shi ne kuɗin fawa fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta. A Plaza Low Yat, benen nan na unguwar Bukit Bintang da ake sayar da kayan kwamfuta hawa-hawa, mai shago ya yi mini lissafi, sai ga fawa fak ya kusa ninka kuɗin kesin. Kesin ɗin kuma babu komai a cikinsa sai fanka uku da ƙullin sukurori. Na ce ina na cikinsa? Ya ce kesin kirki ba ya zuwa da shi.

A gida kowa ya san yadda abin yake. Ka shiga Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ko ka tsaya wajen masu gyara a Gusau, ka sayi kesin, fawa fak na ciki kamar gyaran da mai tumatir ke ɗora maka, an manna masa takarda mai cewa wat 500. Ba wanda ke tambayar sunan kamfanin da ya ƙera shi.

Mai shagon ya miƙo mini na kirkin in riƙe. Hannuna ya sauka saboda nauyi. Ta ragar bayansa ana hango naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe da manyan kafasito, a jikin kwalin kuma an rubuta garanti na shekara goma, irin wanda Corsair da Seasonic ke bayarwa a kan wasu samfuransu. Na tuna da wanda ke cikin kwamfutar ƙanena a Zurmi, wanda za ka ɗaga da yatsu biyu. A nan ne haushi ya kama ni. Mutanen da wutarsu ke tsaye a bolt 230 dare da rana, waɗanda ke soka kwamfuta kai tsaye a bango ba sitabilaiza ba UPS, su ne ke zuba kuɗi a kan abin da ke tace wuta. Mu da wuta ke zo mana da rauni yanzu, an jima ta hauro da ƙarfi, mu koma janareta ko inbata, mu ne muka mai da shi abin ƙarshe a lissafi.

Amma ban yarda sun fi mu sanin wuta ba. Ɗalibin da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda zai samo tsohuwar Dell OptiPlex 'yar Beljiyam, ya soka mata GTX 1050 Ti ko GTX 1650 irin wanda ba ya buƙatar ƙarin waya, domin ramin madabod kaɗai yana ba da wat 75. Duka injin ba zai ci wat 200 ba, ɗan janareta Tiger ya ɗauke shi da talabijin, a buga FIFA har dare. Ya san jin sauyin ƙarar janareta kafin mai ya ƙare, ya san zare waya da zarar hadari ya haɗo. Yaran Kuala Lumpur ba su taɓa buƙatar wannan ilimi ba. Sai dai idan na ga ɗakunansu masu sanyin AC da kwamfutar da ke yin wata guda ba a kashe ta ba, ina jin wani abu a ƙirjina.

Ga wanda zai haɗa tasa a wajenmu, ga abin da nake gani. Fara duba bayan fawa fak: a nemi wanda aka rubuta 100 zuwa 240V, ba mai ɗan jan makunni da ake turawa da hannu ba. Irin wannan yana jure wuta mai rauni fiye da na kasuwa. Amma yana da sharaɗi: yawancinsu ba sa shiri da inbata ko UPS mai arha wanda wutarsa ba tatacciya ba ce, sai ka ji yana ƙugi, ko ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Idan sola ce a gida, a tabbatar inbatar irin wadda aka rubuta wa pure sine wave ce.

Alamar 80 Plus tana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta, sauran ya zama zafi. Mai matakin Gold yana kai kusan kashi 90 idan yana ɗauke da rabin nauyinsa. A nan, bambancin ɗan ragi ne a takardar kuɗin wuta. A Zurmi, bambancin mai ne a tanki da caji a batir, da kuma zafin ɗaki a watan Afrilu lokacin da rana ke haura digiri 40. Shi ya sa a duba ko an auna ƙarfinsa a digiri 40 ko 50 ne. Masu arha da yawa a 30 ake auna su, da zafi ya tsananta sai ƙarfin ya ragu. Kada kuma a biye wa babbar lamba. RTX 4060 wat 115 yake ci, Ryzen 5 5600 kuma wat 65 aka ƙiyasta masa. 550 na gaskiya ya wadatar, ya fi 850 na ƙarya.

Har yanzu idan na tuna farashin nan sai in ji ya yi yawa. Kuɗi ne da zai yi wa gida cefane na kwanaki. Sai in tuna cewa idan na banza ya ƙone, ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan ja madabod da girafik kad. Garantin shekara goman ne ba zai amfane mu sosai ba, don wa zai aiko da fawa fak daga Zurmi zuwa Maleshiya a canza masa?

Batun kesin ya fi sauƙi, kuma a nan ne ba na sha'awar abin da 'yan Maleshiya suke yi. Gilashi gaba da gefe, fitilu kala-kala. Ƙasa ce mai laima, ba su san hunturu ba. Namu kesin ya zama mai raga a gaba, da matatar ƙura da ake zarewa a wanke, fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. A ɗora shi a kan tebur, ba a ƙasa ba. A auna tsawon girafik kad kafin a biya. Gilashi kuwa, a tuna hanyar Gusau zuwa Ƙaura zuwa Zurmi a bayan mota. Wanda zai taho daga waje ya sa fawa fak a jakarsa, soket ɗinmu da nasu duk mai baki uku ne irin na Ingila, kesin kuma ya saya a Kano.

Akwai abu guda da babu mai shagon da zai faɗa maka a nan, don bai taɓa gani ba. Gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, shi ya sa ka taɓa ƙarfen kesin ka ji yana ɗan jan ka, ko da fawa fak ɗin sabo ne fil. Ba lalacewa ya yi ba, ɗan abin da yake zubarwa ne ya rasa hanyar wucewa. A kira mai wayarin ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta da baki na uku na soket, da rani kuma a riƙa jiƙa wurin, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai.