Milimita Ɗaya a Rana

'Yata, na ji shawarar da kika yanke, cewa bayan digirinki a Jami'ar Bayero binciken jijiyoyi za ki sa a gaba, ba rumfar atamfar da kawunki ya tanadar miki a Kantin Kwari ba. Na sa miki albarka. Amma zauna ki ji nauyin abin da kika ɗauka.

Wata safiya ki bi Titin Ibrahim Taiwo da ƙafa, daga Kwari zuwa Singa, ki bar kallon kaya, ki dubi hannuwan mutane da ƙafafunsu. Za ki ga tsohon ɗan dako da hannunsa ke reto tun ranar da ya faɗo daga babur ya bugu a kafaɗa. Za ki ga yaro yana jan ƙafa, yatsunsa na sharar ƙasa, saboda allurar da aka yi masa a ɗuwawu ta sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Ga kuma dattijon da kuturta ta kashe masa jin yatsu, garwashi ya ƙona shi bai sani ba. Dukkansu hanyar saƙo ce ta yanke tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓa. A kan irinsu na ƙarar da ƙuruciyata a ɗakin gashin ƙashi.

Allah da ikonsa, jijiyar hannu ko ta ƙafa tana sake tsirowa idan ta tsinke. Bakinta yana laluben hanya kamar yaɗon kabewa, wasu sinadarai na jawo shi, wasu na korarsa. Ramon y Cajal, mutumin Sifaniya, shi ya fara bayyana wannan baki a 1890, a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai. Sai dai tafiyarta kamar milimita ɗaya ce a rana. Daga kafaɗa zuwa yatsu sai ta ci kusan shekara biyu, alhali tsokar da ke jiranta takan fara mutuwa bayan shekara guda zuwa guda da rabi. Shi ya sa nake jin ciwo in ga an ɓata watanni a gida kafin a kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala.

To, aikinki ma haka zai yi ta rarrafe. Ƙawayenki za su yi mota kina nan kina leƙen madubin likita. Kada ki karaya, mahaƙurci mawadaci.

Kada kuma rashin kayan aiki ya zame miki hujja. Rita Levi-Montalcini, da dokokin Mussolini na 1938 suka raba ta da jami'a saboda Bayahudiya ce, a ɗakin kwananta a Turin ta ci gaba da fasa ƙwan kaji tana nazari. Daga baya a Amurka ita da Stanley Cohen suka gano sinadarin da ke sa jijiya girma. Sai a 1986 aka ba su kyautar Nobel, tana da shekara 77.

Ki riƙe gaskiya. Laka ba ta tsirowa kamar jijiyar hannu, kuma har yau ba a sami maganin da ke haɗa ta ba idan ta yanke. Amma a 1981 Albert Aguayo da abokin aikinsa a Kanada sun dasa guntun jijiyar ƙafa a lakar ɓera, sai ga zaren laka ya bi ta cikinsa yana girma. Ashe ba ƙarfin tsiro ta rasa ba, muhallinta ne ke tare ta. Wannan ƙofa ce ta bincike, ba alkawarin warkewa ba. Duk ranar da uwa ta tambaye ki ko ɗanta zai sake takawa, iya abin da kika sani za ki faɗa mata, cikin tausasawa.

In karatu ya kai ki waje, je ki. Dakta Mahmoud Bukar Maina ya yi nasa a Ingila, ya kuma kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Ke ma ki koyo, ki dawo, ki horar da na bayanki, domin wanda ya fara irin wannan aiki ba lallai shi zai ga ƙarshensa ba. Allah Ya yi miki jagora, Ya sa ilimin ya amfani al'umma.