Zuwa Ga Autata, Kan Zancen Ɗankwali a Majami'a

Autata,

Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Babanki ya ce in tambaye ki ko kuɗin abinci yana isarki.

Saƙonki ya iso. Kin ce a sujadar ɗalibai ta jami'arku 'yan mata da yawa kai buɗe suke shiga. Wata ƙawarki ta ce ɗankwali kayan tsofaffi ne, wata kuma ta ce wadda ta yi addu'a ba lulluɓi, addu'arta ba ta wuce rufin ɗaki. Kina so in raba gardama. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta miki.

Wuri ɗaya ne a Sabon Alkawari aka shimfiɗa wannan koyarwa: Korintiyawa ta Fari, sura 11, aya 2 zuwa 16. Ki karanta shi duka da kanki, kada ki yarda a tsinko miki aya ɗaya a tsorata ki da ita.

Ki fara sanin mutanen da aka rubuta wa. Korinti birnin kasuwa ne a ƙasar Girka, yana zaune a wani siririn wuyan ƙasa tsakanin tekuna biyu, da tashar jiragen ruwa ta kowane gefe. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sa aka sake gina shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu. Manzo Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a can, yana ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu, daga baya ya rubuto musu daga Afisa. A irin wannan birni, kai yana magana kafin baki ya buɗe. Matar aure mai mutunci takan ja mayafi a kanta in za ta shiga jama'a. Manyan Romawa maza kuwa sukan ja gefen rigarsu su rufe kai sa'ad da suke miƙa hadaya ga gumaka. Bulus ya ce namiji ya buɗe kansa, mace ta rufe nata. Dalilin da ya sa Babanki yake cire hula a ƙofar majami'a ke nan, kin ga umarnin bai tsaya a kanmu mu kaɗai ba.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da hannu biyu. A aya ta 5, macen da Bulus yake magana a kanta tana addu'a ne ko tana annabci, a gaban jama'a, ana jin muryarta. Bai ce ta koma lungu ba. Lulluɓin shi ne shigar da take yi lokacin da ta miƙe tsaye ta yi magana a gaban Allah da ikilisiya, yadda ba wanda zai sami abin faɗi a kan mutuncinta. Ki tuna Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu a Kaisariya, dukansu masu annabci. Duk wanda ya ɗauki ɗankwalinki ya mai da shi abin toshe miki baki, bai karanta surar da kyau ba.

Bulus ya kawo dalilai: tsarin shugabanci, yadda aka yi halitta, mala'iku, dogon gashin mace, da al'adar ikilisiyoyi. Amma kafin maza su fara ɗaga kafaɗa, sai ya tuna musu a aya ta 11 da 12 cewa a cikin Ubangiji ba wanda ya wadatu ba tare da ɗan'uwansa ba. Ko da yake an ciro mace daga namiji, kowane namiji mace ce ta haife shi, dukansu kuma daga Allah suke.

Masu bi na gaskiya sun rabu uku kan fahimtar wannan wuri. Wasu sun ce tunda an kafa hujja da halitta da mala'iku, umarnin na kowane zamani ne. Wasu sun dubi aya ta 15 suka ce gashin mace shi ne lulluɓinta. Wasu kuma sun ce abin da ba ya canjawa shi ne kamun kai da girmama tsari, amma alamar da ke nuna su takan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ƙawarki mai cewa kayan tsofaffi ne ya kamata ta san cewa tsufan ya wuce yadda take zato. Wajen shekara ta 200, Tatuliyan, malamin ikilisiya a Kartaj ta Afirka ta Arewa, ya rubuta cewa har a zamaninsa 'yan matan ikilisiyar Korinti suna lulluɓi. Dokar Katolika ta 1917 ta wajabta wa mata rufe kai a coci, sai sabuwar dokar 1983 ta bar zancen. A Habasha mata suna yafa farin mayafi su shiga sujada, a Rasha suna ɗaura kallabi. 'Yan mishan da suka sauka Garkida a 1923, waɗanda daga aikinsu ikilisiyar EYN ta fito, sun zo ne daga wata ikilisiya a Amurka wadda matanta suka saba sa 'yar farar hular addu'a. A Turai da Amurka sai bayan tsakiyar ƙarni na 20 yawancin mata suka ajiye abin.

Ni ina ɗaurawa, kuma zan so ki ɗaura. A ƙasarmu alamar ba ta mutu ba. In aka ga babbar mace ta fito titi kai ba ɗankwali, kowa ya san ba lafiya ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna kallon yadda muke shiga wurin ibada, kuma shaidarmu tana da daraja. Abin da ya yi magana a Korinti yana magana a nan har yau. Ki dubi Zumuntar Mata ranar taro, kowa da zani da ɗankwali iri ɗaya, matar mai kuɗi da mai sayar da ƙosai ba a bambance su, kuma su ne muryar da ta fi ƙarfi a majami'a.

Sai dai, 'yata, ceto ba a ƙulle yake a bakin ƙyalle ba. Ta wurin alheri aka cece mu, jinin Almasihu ne ya biya. Wadda ta ce Allah ba ya jin addu'ar mai buɗaɗɗen kai ta ɗora wa Nassi abin da bai faɗa ba. Kuma ɗankwalin kansa yakan zama girman kai. Kin sha ganin gwaggwaron da ake kafawa ranar Kirsimeti har na baya ba ya hango fasto. Wannan ai ado ne, Manzo Bitrus kuwa ya riga ya ja mana kunne cewa adon da Allah yake daraja shi ne na zuciya mai tawali'u.

Saboda haka ga shawarata. In kin shiga ikilisiyar da ake ɗaurawa, ki ɗaura ba gunaguni, domin in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi taka. In kin shiga inda ba a ɗaurawa, ba wanda ya hana ki naki, amma kada ki yi wa ta kusa da ke kallon mai zunubi. Wataƙila mahaifiyarta ta koya mata wata fahimtar ce, da tsoron Allah kamar nawa. Ki karanta Romawa sura 14 ki ga yadda aka hana mu raina juna kan irin waɗannan abubuwa. In kuma aka ce wa zai buɗe mana da addu'a, kada ki sunkuyar da kai ki jira wani. Ki miƙe.

Zan aiko miki da atamfa da ƙuli-ƙuli ta hannun ƙanina in zai zo wajenku ƙarshen wata. Ki gai da ƙawayen naki duka biyu, ki kawo su gida hutu mu yi hira. Ubangiji ya kiyaye ki, ya ba ki hikima.

Ni ce,
Mamanki