Wutar da ke kwance cikin taɓo

Da zarar damina ta ja baya a Dungas, kududdufan da aka haƙa don bugun tubali sukan fara janyewa, su bar baƙin taɓo a gindi. Yaro ya taka, ƙafa ta nutse har idon sawu, kumfa ta taso ɓul-ɓul da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa toshe hanci yake ya wuce, alhali aiki ake yi a ƙasan nan ba dare ba rana.

Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani ke cin kashin shanu da ganyen da ruwa ya kwaso. Da yake iska ba ta isa can, wasunsu, irin su Geobacter, sukan sauke ilektaron ɗin da suka tatsa daga abinci a kan tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa. In aka binne baƙar sandar nan ta cikin mataccen batirin rediyo a taɓon, aka sa wata a saman ruwa inda take shan iska, aka haɗa su da waya, sai ƙwayoyin su riƙa sauke wa sandar, lantarki ya bi wayar.

Tun 1911 Michael Potter na Jami'ar Durham a Ingila ya nuna ƙwayoyin halitta na ba da lantarki. A 2013 masu bincike a Bristol suka yi cajin salula da fitsari ta wannan hanya, a 2017 kuma suka haska makewayin wata makarantar 'yan mata a Kisoro ta ƙasar Yuganda.

Wutar dai 'yar kaɗan ce. Tukunya guda ta taɓo da sandunan nan biyu ba ta kai bolt ɗaya, batirin tocila kuwa ɗaya da rabi ne. Ba za ta tada injin niƙa ko famfon masu rake a fadama ba, kuma mai cajin waya da faifan sola a kasuwa ba abin da zai taɓa cinikinsa.

Amma sola sai da rana, sai kuma da batir mai tsada. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, ma an ga iyakarta a watan Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke layi, balle ƙauyukan da turke bai taɓa zuwa ba. Ƙaramar fitila a makewayi, wadda za ta sa yarinya ta ga kunama kafin ta taka, ba ta cin wuta da yawa. Ɗaliban kimiyya a jami'ar Damagaram za su iya gwada kunna irin wannan fitila da wutar taɓo a tukwanen ƙasa 'yan kaɗan, a jera su a haɗa ƙarfinsu.