Kare ma sai da sallama

Mu ƴan Arewa tun muna ƙanana aka koya mana ba a faɗa wa gidan mutane babu sallama. Amma ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake tunkarar kare. Abu biyu muka iya: jifa ko gudu. Yanzu kuma ga na uku ya shigo ta waya, ƙannenmu suna ganin Turawa na rungumar karnuka, su ma suna son gwadawa. Duka ukun suna jawo cizo.

Karen Dogon Dutsi ba ɗan ɗaka ba ne, ma'aikaci ne. Wani na maharbi, wani na tsaron garke, wani yana gadin garka a cikin dallol. In ka doso shi kai tsaye, a wurinsa ɓarawo ne ya zo.

Ni wajen kawuna na koyi wannan, a ƙauyensu kusa da Matankari inda nake yin hutun damina. Maharbi ne, karnukansa uku. Duk yaron da ya zo gidan, magana guda yake yi masa: “Kai ɗan nan, kak ka gudu. Tsaya wuri guda, bari shi sunsune ka. Shi ma tambaya ta shikai.”

Ga yadda na ga yana yi da baƙi. Ka fara gaida mai karen, ka tambaya ko yana yarda a taɓa shi. In ya ce a'a, magana ta ƙare. In ya ce e, ka ɗan juya gefe, ka sauke hannunka, kada ka zuba masa ido, don a wurin kare wannan neman faɗa ne. Shi zai zo, ba kai za ka je ba. In ya sunsuna ya saki jiki, ka shafa kafaɗa ko ƙirji a hankali, ban da tsakar ka, ban da wutsiya. In ya sandare, ko gashin bayansa ya tashi, ko ya fara gurnani, ka ja da baya sannu, fuskarka na wajensa. Mai cin abinci, mai barci, da karya mai jego, waɗannan ko Kawu lallaɓa su yake yi. Wanda ba shi da mai shi kuwa, bar shi da hanyarsa.

Wani zai ce, duk wannan a kan kare? To, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tashi. Alhali allurarsa tana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa.

Saboda haka in kare ya ciji mutum, ko yakushi ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a nufi gidan likita ran nan, ba a tsaya jiƙe-jiƙe ba. A nemi mai karen a ji ko an yi masa rigakafi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaro yakan ɓoye cizo don tsoron bulala. Ku gaya wa ƙannenku: wanda kare ya ciza ya faɗa, ba mai dukansa. Kuma mu manya mu bar jifa a hanyar lakwal. Karen da ka jefa yau da yamma, gobe da safe ƙanwarka ce za ta bi ta gabansa, ita kaɗai.