Huaqiangbei, inda ake gyara wayar da ta daina magana

Daga Guangzhou, jirgin ƙasa mai gudu cikin kimanin rabin sa'a zai sauke ka a Shenzhen, birnin da aka mayar yankin kasuwanci na musamman a 1980. Kasuwar Huaqiangbei na tsakiyarsa, a gundumar Futian. Gine-gine ne hawa-hawa, kowane hawa cike da ƙananan tebura, kowane tebur da sana'arsa. Wani gilashi kaɗai yake sayarwa, wani batir. Ƙanena mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano ne ya aiko ni saro kayan aiki, sai na maƙale a layin masu gyaran sabis.

Waya rediyo ce mai ji da magana. Tana iya jin turken sadarwa sarai, har ta nuna sanda uku ko huɗu, amma da ka danna kira sai ya yanke. Ɓangaren aikawa ne ya mutu. Galibi laifin wani ɗan ƙanƙanin guntu ne mai ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta kai eriya, ko makunnin da ke raba hanyar ji da ta aikawa.

Wata matashiya na zauna kallo, da ƙyar za ta kai shekaruna. Ta fara danna *#06#, lambar IMEI ta fito, alamar ƙwaƙwalwar sadarwar lafiya lau take. Sannan ta cire batir, ta haɗa wayar da na'urar ba da wuta mai allura, ta buga kira. Lafiyayyar waya kan zuƙi wuta da ƙarfi lokacin aikawa, allura ta yi tsalle. Wannan ko motsin kirki ba ta yi ba. Ta sa injin ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta hura masa iska mai zafi, ta ɗaga guntun da hantsaki, ta dasa sabo da dalma. Shayina bai huce ba kira ya shiga.

A gida, irin wannan wayar sau da yawa cewa ake a canza inji gaba ɗaya, hotuna da saƙonni su tafi da tsohon. A ganina hannun yaranmu bai gaza nata ba. Ita dai zanen kowane inji na kan kwamfutarta, mai sayar da guntun na hawan ƙasa, kuma wuta ba ta ɗaukewa tana tsakiyar aiki.

Idan an aiko ka, na'urar wuta da madubin za ka fara saya. Madubin na da nauyi, gara a ba masu kago a Guangzhou.