Sauri Ya Haifi Nawa: Koyon Tseren Kart Bayan Girma

Duk wanda ya bi tarihin zakarun tseren mota na Formula 1 na wannan zamani zai tarar kusan dukkansu daga wata ƴar ƙaramar mota suka faro, wadda ake kira kart. Max Verstappen yana ɗan shekara 4 ya fara tuƙa ta, Lewis Hamilton ya shiga gasa yana da shekara 8, Ayrton Senna kuma yana da 13. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sanyaya gwiwar wanda gemu ya riga ya fito masa, domin ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kuwa sai da na cika shekara 27 sannan na fara zama cikinta, a watannin da binciken mastar ya zaunar da ni a Faransa, inda filayen hayar kart suke buɗe ga kowa.

Wani maƙerin motocin tsere mai suna Art Ingels ne ya ƙera ta farko a Kalifoniya ta Amurka a 1956, da bututun ƙarfe da ƙaramin injin yankan ciyawa. Har yau ba ta yi nisa da wannan siffa ba: firam, tayoyi huɗu, kujera daf da ƙasa, da inji a gefen direba. Wadda ake bayarwa haya tana yawan ɗaukar injin Honda mai cc 270, ɗan'uwan wanda masu lambu ke jan ruwa da shi a gida. Ba ta da giya. Ƙafar dama ta totur ce, ta hagu ta birki. Gudunta bai cika wuce kilomita 60 zuwa 70 a awa ba, amma wanda tsakaninsa da kwalta bai kai taƙi ɗaya ba ji yake kamar iska za ta ɗauke shi.

Babban mutum yakan zo filin da ɗabi'un tuƙin hanya, kuma yawancinsu ba su da amfani a nan. A motar gida akwai na'urar da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan an sha kwana. Kart ba ta da ita: sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin baya, dole su juya tare. Saboda haka sai firam ɗin ya ɗan lanƙwashe, tayar baya ta ciki ta ɗaga kaɗan daga ƙasa, kafin motar ta yarda ta juya. Birkin ma a baya kawai yake. Wanda ya take shi da ƙarfi a tsakiyar kwana, sai motar ta wulwula da shi, ya iske kansa yana fuskantar waɗanda ke biye da shi.

A nan na ga gaskiyar karin maganar nan, sauri ya haifi nawa. Sabon shiga yakan afka kwana da dukkan gudunsa, tayoyi na kuka, shi kuma yana jin ya yi bajinta. Alhali kukan taya gudu ne ke zubewa, kuma ƙaramin inji yana daɗewa bai mayar da abin da ya zube ba. Gwani yakan taka birki tun motar na miƙe, ya shiga daga gefen waje, ya shafi ƙuryar ciki, ya saki motar ta fita waje, ƙafarsa tuni tana kan totur. Idonsa ba ya kan hancin motar, yana can inda yake son ta nufa. Daga bakin fili za ka ɗauka shi ne ya fi kowa sanyin jiki, sai allon lokaci ya ƙaryata ka.

Fahimtar wannan ba ta yi mini wuya ba; a minti biyar mai kula da filin ya gama bayaninta. Abin da ya ɗauki makonni shi ne hannu da ƙafa su yarda da abin da kai ya sani. Ga kuma jiki: bayan minti 10 damatsa sun yi tsami, haƙarƙari yana jin gefen kujera, domin babu abin da ke tare wa direba gargadar hanya. Ga nauyi: a kan inji mai ƙarfin doki 9, kowane kilo yana da hukunci, shi ya sa gasanni da yawa ke ɗora wa marasa nauyi dalma don a daidaita.

Jarrabawar da ta fi waɗannan ita ce ta girma. Wata Asabar wani yaro da bai wuce shekara 12 ba ya cim mini, aka ɗaga mini shuɗiyar tuta, wadda ke nufin ka ba wanda ya fi ka gudu hanya. Mu da aka rena a kan cewa yaro ne ke kauce wa babba, wannan tuta tana da ɗaci. Na kauce, na bi bayansa iyakar iyawata ina lura da inda yake taka birki. A takardar da ake ba kowa bayan an sauka, zagayen da na yi a bayansa shi ne mafi sauri a duk ranar. Tun daga nan nakan nemi wanda ya ɗan fi ni, ko ɗan wa ne, in bi sawunsa.

Wanda ya sami hali ya gwada, ya fara da haya, kada ya yi gaggawar sayen tasa. A filin da nake zuwa minti 10 yuro 20 ne, wajen jika 13 na sefa, har da aron hular kwano. Ya sa takalmi rufaffe, ya bar babbar riga da rawani da gyale a waje, domin sandar baya na juyawa daf da bayansa, kuma abin da ta kama ba ta saki. Ya san tutoci: rawaya, rage gudu kuma ba a wuce kowa, ja, an tsayar da tsere, baƙa, kai ake kira ka fito. Idan ya ɗan goge, akwai gasannin ƴan haya irin su Sodi World Series, da tseren juriya inda abokai ke karɓa-karɓa da mota guda na tsawon awanni.

Hanyar Formula 1 ta rufe ga wanda ya fara a shekaruna, kuma ban ga amfanin ruɗin kai a kan haka ba. Abin da ya rage mini ya ishe ni: takardun lokaci da na tara, inda sakan 52 ya koma 49, sannan 47 da ɗoriya. Agogo bai san babba ba, bai san yaro ba. Samun wurin da za a faɗa wa babban mutum gaskiyar matsayinsa ba tare da jin nauyinsa ba, kuma a bar shi ya sake gwadawa nan take, ba ƙaramin abu ba ne.